Gawon Matameye da Maganar Tsofaffi

Duk wanda ya bi hanyar Matameye zuwa Magariya da rani, zai ga gawo tsaye a gonaki, kore shar, alhali ƙasa ta bushe. Da damina kuwa sai ya kakkaɓe ganyensa, ya bar wa gero hasken rana, ganyen ya zama taki. 'Ya'yansa kuma abincin awaki ne. Tsofaffin manoman wannan yanki sun san haka tun kafin a gina makarantar koyon aikin gona a Nijar. Ana ma ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani kan mai saran gawo.

Sai zamani ya zo da tasa koyarwar: gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Dokar daji ta mai da itace mallakar gwamnati, manomi ya daina kula da shi. Farin 1973 da na 1984 suka samu ƙasa tsirara. Bayan an sha wuya aka koma ƙyale toho yana girma a gona. Binciken da Larwanou Mahamane da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya nuna yadda gawo ya dawo a Magariya, Matameye da Mirriya. Abin dariya, sunan da aka raɗa wa dabarar shi ne “sassaben zamani”, kamar jiya aka gano ta.

Mu Hausawa ba a fi mu ladabi ga tsofaffi ba. Yaro zai cire takalmi, ya durƙusa, ya ce “Baba, ina wuni?” Amma gaisuwa daban, saurare daban. Japan ta ware Litinin ta uku ta watan Satumba don girmama tsofaffi, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 1 ga Oktoba. Duk da kyau, sai dai ni na fi ganin darajar abin da Amadou Hampâté Bâ na Mali da Bubu Hama namu na Nijar suka yi: zama gaban dattijai da alƙalami da rikoda.

A Kance da ƙauyukanta, a wannan yanki, har yanzu akwai tsohuwar da ta san ganyen da ake ci a shekarar yunwa, da wanda sai an dafa an zubar da ruwan farko. Jikokinta suna Kano ko Aljeriya wajen nema. Idan sun kira waya, lafiyarta suke tambaya, da ko kuɗin sun iso.