Mu Ɗauki Hotonsu Tun Suna Nan

Wata ranar Asabar muna sharar harabar majami'a tare da yara, sai ga wani yaro ya iso daidai lokacin da ake rabon ƙosai, bayan an gama aiki. Kakansa ya dube shi ya yi dariya, ya ce, "Ungulu, ba kya jewar banza!" Yaron, wanda bai wuce shekara tara ba, ya ɗaga kai ya ce, "Baba, mece ce ungulu?"

Dukanmu manya da ke wurin muka yi shiru. Mu da muka tashi muna ganin ungulaye jere a kan rufin mahauta da bisa kukar kasuwa, har muna jifansu, ga shi yau muna neman yadda za mu kwatanta wa yaro kamanninta. Da yamma muka buɗe albam na gida, muka bi na maƙwabta. Hotunan aure suna nan tuli, da na Kirsimeti, da na suna, da na ranar gama makaranta. Amma ko hoto ɗaya na ungulu ba mu samu ba. Ba wanda ya taɓa tunanin ɓata fim a kanta, gama kowa yana ganin kullum tana nan.

A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai kula da lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: guba da ake sa wa mushe, da farautarta domin sayar da kai da ƙafafu ga masu haɗa magani, da kuma sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi magana da masu karatu a kan wata sana'ar sha'awa mai sauƙi, watau ɗaukar hoton tsuntsaye da ƙananan dabbobi da tsire-tsire da ke bayan gidajenmu da wuraren shaƙatawa na garuruwanmu.

Da abin da ke hannu

A zamanin iyayenmu hoto abu ne mai tsada. Fim ɗaya yana ɗaukar hoto 24 ko 36, sai an cika shi a kai shagon wanki, a jira kwanaki kafin a san abin da ya fito. Ba mamaki da ba su ɓata shi a kan ƙadangare ba. Yau kuwa wayar da ke aljihun matashi tana iya ɗaukar hoto ɗari kafin karin kumallo, a share marasa kyau ba tare da asarar ko kwabo ba. Saboda haka kada kowa ya ce sai ya sayi babbar kyamara tukuna. Wanda yake da ita, madalla. Wanda ba shi da ita ya fara da wayarsa.

Sai dai waya tana da iyakarta, ya kamata kuwa a san ta. Idan an ja hoto da yatsu domin a kawo tsuntsu kusa, a yawancin wayoyi ba kusantowa ya yi ba, hoton ne kawai aka buɗa, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. Maganin wannan shi ne mutum ya kusanci abin, ko kuma, abin da ya fi, ya sa abin ya kusance shi.

A lokacin rani ba abin da ke jawo tsuntsu kamar ruwa. Mu dai tsohon kasko muka samu, muka ajiye shi a inuwar gwaiba, muka sa dutse a tsakiya domin ƙananan tsuntsaye su sami wurin tsayawa. Ruwan kada ya yi zurfi, a kuma riƙa canja shi kowace safiya domin kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Kwana uku na fari ba wanda ya zo sai kajin gida. A rana ta huɗu kurciya ta sauka, daga nan kuwa sai hanya ta buɗe. Muka sa kujera a bakin taga, taku biyar daga kaskon, muka riƙa zama a wurin lokaci ɗaya kowace rana, da riga marar haske. Bayan mako biyu tsuntsayen sun ɗauke mu kamar turmin da ke gefe.

Haske da haƙuri

Hoto ɗan haske ne. Hasken da ya fi kyau shi ne na sassafe, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, da na la'asar sakaliya. Da tsakar rana inuwa takan yi baƙi ƙirin, fari kuma ya ƙone, har balbela ta fito kamar tsumma ba a ganin gashinta. A bar rana a bayan mai ɗauka domin ta haska fuskar abin da ake ɗauka. A taɓa fuskar wayar daidai kan idon tsuntsun kafin a danna, gama idan ido ya fito sarai, mai kallo yakan yafe sauran. Idan abin fari ne, a ɗan rage hasken. A manna gwiwar hannu a jiki, ko a jingina da bango, a riƙe numfashi. Masu babbar kyamara su sani tsuntsu mai motsi yana bukatar saurin ɗauka na wajen kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa.

Lokacin hunturu kuma akwai hazo da ƙura. Hazo yana kashe launin abin da ke nesa, amma yana tausasa haske a kan abin da ke kusa, don haka lokaci ne mai kyau na ɗaukar fure da ƙwari. A riƙa goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, a ajiye ta cikin jaka idan ba a aiki da ita.

Wani abu da muka daɗe ba mu gane ba shi ne tsayin da ake ɗauka daga gare shi. Idan ka tsaya a miƙe ka ɗauki ƙadangare, bayansa kawai za ka samu da ƙasa. Amma ka durƙusa, ko ka kwanta rub da ciki har idonka ya yi daidai da nasa, sai ka ga jan kansa da yadda yake gyaɗa shi kamar mai gari a fada. Yara za su yi maka dariya. Mu ma an yi mana.

Sauran aikin duk sanin hali ne. Mazari yakan tashi ya yi shawagi ya komo kan tsinken da ya bari, saboda haka ba a binsa, ana jiransa ne a tsinken. Sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki wanda namijinsa yake walƙiya a rana, yana zagaya furanni ɗaya ne sau da yawa a yini. Namijin kabare shi ke saƙa sheƙa da zaren ciyawa ko na ganyen kaba, ya bar ƙofar a ƙasa, sa'an nan ya rataya kansa a ƙasa yana kaɗa fiffike domin ta mace ta zo ta duba aikinsa. Idan ba ta karɓa ba, sau da yawa yakan warware ya sake sabuwa. Wanda ya san wannan ba zai gaji da zama a gindin itacen ba.

Lambun uwargida

Tsire-tsire ba sa gudu, amma su ma suna da lokacinsu. Furen kuɓewa, rawaya mai jan ciki, da safe yake buɗewa, kafin yamma ya rufe, ba ya kuma sake buɗewa. Furen kuka kuwa da magariba yake buɗewa, fari fat yana reto, jemagu ne ke zuwa masa da dare, washegari ya fara yaushi. Mutane da yawa sun tsufa a gindin kuka ba su taɓa ganinsa a buɗe ba. Gawo kuma ya saɓa wa sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Hoto biyu na gawo ɗaya, na watan Agusta da na Fabrairu, sun isa darasi guda ga 'yan makaranta.

A duba ƙarƙashin ganye. A kan lemun tsami akwai wata tsutsa wadda tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, domin kada a cinye ta, in ta girma ta zama kore, daga baya ta fito babban malam-buɗe-littafi mai baƙi da ɗigon rawaya. A kan tumfafiya, wadda muke ganin ba ta da amfani, wata tsutsar mai zane-zane take kiwo, tana tara dafin ganyen a jikinta har tsuntsaye su ƙi ta. Wanda ya bi ɗayansu da hoto daga tsutsa har ta yi fiffike ya ga abin da ba ya mantuwa. A nan ne kuma muka fara lura cewa duk makon da aka yi feshin maganin ƙwari a lambu, ƙudan zuma sukan ɗauke ƙafa daga furen kabewa.

Kuskuren da muka yi

Dole mu faɗi wannan, ko da yake ba daɗin faɗi. A shekararmu ta fari kurciya ta yi sheƙa a cikin lallen da ke bayan ɗakin girki, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu. Ganye ya tare mana su, sai muka sa hannu muka karya rassa biyu uku domin hoto ya fito. Hoton ya fito kuwa. Washegari da safe muka tarar da sheƙar wayam, hankaka yana bisa katanga. Ganyen da muka cire shi ne ƙofar gidansu. Hoton yana nan a wayar har yau, ba mu taɓa nuna wa kowa ba.

Tun daga ranar muka kafa wa kanmu doka, muna kuma roƙon matasanmu su riƙe ta. Ba a taɓa sheƙa, ba a cire ganyen da ya rufe ta. Idan uwa ta tashi tana kuka tana zagaya ka, ka yi kusa da yawa, ja da baya. Ba a kama hawainiya ko bushiya a ɗaura a wani wuri domin hoto. Ba a haska mujiya da fitilar kyamara. Maciji kuwa daga nesa ake kallonsa, gama gamsheƙa tana iya tofa dafi a ido daga nisan wajen mita 2. Haka kuma a nemi izini kafin a juya kyamara wajen gidan maƙwabci, a kuma guji ɗaga ta kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro.

Daga bayan gida zuwa gandu

Idan hannu ya faɗa, sai a fita. A Jos akwai gandun namun dajin da aka kafa a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, mai faɗin wajen murabba'in kilomita 8. A tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun daga ƙofa. Kada a jefi dabba domin ta tashi, kada a ba biri abinci, kada kuma a tsallake shinge. Shawararmu ita ce, bayan an gama da dabbobin da ke cikin keji, a zauna a inuwa a ɗaga kai sama, domin tsuntsayen da suka zo da kansu sukan fi ba da hoto mai rai.

Kada kuwa wani ya ce ƙasarmu ba ta da abin ɗauka. A cikin duwatsun Filato akwai wani ɗan jan tsuntsu wanda sai a 1998 masana suka tabbatar cewa irinsa dabam ne, suka rubuta shi a littattafan kimiyya. Akwai kuma wani ɗan baƙin tsuntsu da ba ya yin sheƙa, sai ya sa ƙwansa a sheƙar jan, a rena masa, ɗansa kuma ya tashi yana kwaikwayon kukan mai renonsa. Dukansu biyu ana samunsu a dajin Amurum kusa da Laminga, inda aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, ƙarƙashin Jami'ar Jos. An lissafta irin tsuntsaye fiye da 300 a wannan ɗan daji. Yaran ƙauyukan wurin sun daɗe suna ganin jan tsuntsun kafin masana su zo. Rubutawa ce kawai ba a yi ba.

Daga wannan cibiya ce aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, wanda ya dogara ga 'yan sa kai masu rubuta abin da suka gani a inda suke. Wannan ya nuna darajar abu ɗaya da masu ɗaukar hoto suke yawan mantawa, watau rubutu. Hoton da ba a san ranarsa da wurinsa ba ado ne kawai. A sami ɗan littafi, a rubuta rana da wuri da sunan abin. Idan ba a san sunan ba, a kai hoton wurin tsofaffi, gama sunayen Hausa da na harsunanmu na gida suna bakinsu, suna kuwa tafiya tare da su. Wanda ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa kowace shekara, da ranar ruwan fari, bayan shekara goma yana da abin da manomi zai so ya gani.

Muna ba shugabannin matasa da malaman makarantun Lahadi shawara su keɓe safiyar Asabar ɗaya a wata, a zagaya haraba da yara da waya ɗaya ko biyu. A wanke hotuna goma mafi kyau a ƙarshen shekara, a manna a allo da sunayensu. Yaron da ya yi rabin sa'a yana jiran sha-kauci ya sauka a fure, da wuya ya sake ɗaukar danƙo ya harbe shi.

Yaron nan mai tambaya, daga baya mun nuna masa ungulu a hoton da wani baƙo ya ɗauka a wata ƙasa. Ya duba ya ce, "Ashe haka take." Yanzu shi ke zuba ruwa a kaskonmu kowace safiya, shi ne kuma ya ɗauki hoton cilakowa na fari da ke cikin littafinmu. Masu karatu, a nemi tsohon kasko a makon nan, a sa shi a inuwa.