Kulle Bayanan Kwamfuta: Darasi Daga Amurka

A watan Mayu na 2006, ɓarayi suka shiga gidan wani jami'in Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji ta Amurka, suka sace kwamfuta da faifan ajiya mai ɗauke da bayanan mutum miliyan 26 da rabi, ba a kulle ba. A 2009 gwamnati ta yarda ta biya diyyar dala miliyan 20.

Kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba, domin ana iya jona faifan a wata na'ura a karanta. Maganin shi ne a rikita bayanan da tsari irin na AES, sa'an nan a adana mabuɗin a wani wuri dabam. Lalle ma'aikacin da ke tafiya da aikin ofis gida ya kiyaye.