Shirin Musamman: Tsohuwar Bindiga da Darajarta a Garwa

(Kiɗan algaita)

Shirinmu na yau ya leƙa gidajen maharba ne a Garwa, inda tsohuwar bindigar farauta ke rataye a bango, jikoki ba su san abin da suka gada ba.

Wannan yanki na Arewacin Kamaru ƙasar dawa ce. Ga gandun dajin Binuwai, ga na Faro, ga Buba Njida wajen Rai Buba, kuma a nan Garwa aka buɗe makarantar horar da jami'an kula da namun daji a 1970. To, ba mamaki bindigogi suka taru iri-iri. Akwai adaka ƙirar maƙeran gida, irin wadda ake ɗura wa albarushi. Akwai kuma na Faransa, musamman ƙirar kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne: Simplex mai baki ɗaya, da Robust mai baki biyu, da Rapid mai famfo, wadda ake jan mariƙinta baya da gaba harsashi ya hau.

Irin wannan mai famfon a Amurka ta yi suna. John Browning ne ya zana Winchester ta 1897, sannan Remington 870 ta fito a 1950, aka ƙera ta miliyoyi. Shi ya sa tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Abin da ya yi yawa, arha gare shi.

Me masana ke dubawa kafin su yi wa bindiga kuɗi? Na farko, lambar jiki da hatimin gwaji da aka buga a ƙarfen, su ne ke faɗin inda aka ƙera ta da zamaninta. Na biyu, cikin bututun: tsatsa ta ci ko ba ta ci ba? Na uku, ƙotar: itacen asali ne ko kafinta ya sauya? A nan mutanenmu ke tafka asara. Sai mutum ya kankare ƙarfe, ya shafa fenti don ta yi ƙyalli, garin gyaran gira ya rasa ido, domin launin asali shi masu tarawa ke nema. Na huɗu, tarihi: wa ya riƙe ta, a wace fada, ina shaida?

(Kiɗa)

Sai batun doka. A Kamaru, dokar 14 ga Disamba 2016 ce ta tsara mallakar makamai da harsasai, kuma gado ba ya zama lasisi. Wanda ya gaji bindiga ya je wurin hukuma ya daidaita takardu. Kada ya sayar a ɓoye, kada kuma ya gwada harba ta, don tsohon ƙarfe na iya fashewa a hannu.

Masu sauraro, in kaka na raye, ku zauna ku rubuta labarin bindigarsa tun yau. Nan muka kawo ƙarshen shirin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.