Me Ya Sa Kifi Ke Haki da Asuba?

Duk wanda ya taɓa bi ta gefen kududdufi a Tsanyawa da sassafe, a ƙarshen damina lokacin da ruwa ya yi kore shar, mai yiwuwa ya ga ƙananan kifaye sun taso sama suna buɗe baki kamar masu haki. Da hantsi ya yi sai su nutse. Yara kan ce yunwa ce ta koro su. Ba yunwa ba ce, numfashi ne ya yi musu wuya. Abin da ke faruwa a kududdufin shi ne ke faruwa cikin akwatin gilashi da ake zuba wa ruwa, a dasa tsirrai, a saka kifi, irin wanda malamin kimiyya zai so ya ajiye a ɗakin gwaje-gwaje.

Tun a shekarar 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya lura cewa ganyen da aka nutsar cikin ruwa yana fitar da ƙananan kumfa idan yana cikin rana, amma ya daina idan aka kai shi inuwa. Kumfan nan iskar oksijin ce. Tsiro yana zuƙar iskar kabon-dayoksaid, ya haɗa ta da ruwa da taimakon haske, ya samar da abincinsa. Kifi kuwa oksijin yake shaƙa, ya fitar da kabon-dayoksaid. A kan wannan musaya Robert Warington ya dogara a Landan a 1850, inda ya nuna cewa kifi da tsiron ruwa da dodon koɗi za su iya zama cikin mazubi ɗaya na tsawon lokaci ba tare da an sauya ruwa ba.

Sai dai akwai abin da ɗalibai kan manta a jarrabawa, masu kiwon kifi kuma su manta da shi a bakin tafki: tsiro ma yana numfashi, dare da rana. Da rana ta faɗi, samar da oksijin ya tsaya cak, amma tsirrai da gansakuka da kifi da ƙwayoyin bakteriya duk suna ci gaba da shaƙarsa. Kafin kiran assalatu oksijin ya yi ƙasa ƙwarai, kabon-dayoksaid kuma ya taru. Ga shi ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa: lita ɗaya tana ɗaukar kimanin miligiram 9 na oksijin a zafin digiri 20, amma kimanin 7.5 kawai a digiri 30. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman kusa da matsatsinta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, shi ya sa take jurewa. Karfasa ba ta da wannan gata.

Kabon-dayoksaid ba ya zama haka kawai cikin ruwa. Wani kashi nasa yana haɗuwa da ruwan ya zama asid mai rauni, wato ruwan ya ɗan yi tsami, ko da harshe ba zai ji ba. Ana auna wannan da ma'aunin pH, wanda 7 ce tsakiyarsa; ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuma ɓangaren kanwa da toka. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne. A ruwan da gansakuka ta cika, pH na iya zama wajen 7 da asuba, ya haura 9 da la'asar, ke nan bambancin ya kai ninki ɗari a yini guda. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta sakamakon awo bai rubuta lokacin da ya yi awon ba, a wurina rabin aiki ya yi.

Me ke rage wannan hawa da sauka? Uwar gida ta san amsar: idan miyar yakuwa ta cika tsami, 'yar kanwa take jefawa. Gishirin kabonet da ke narke cikin ruwa haka yake kashe kaifin asid. Ruwan sama kusan ba shi da wannan gishiri, don haka akwatin da aka cika da shi ya fi saurin jujjuyawa. Amma kada a zuba kanwa cikin ruwan kifi, domin ta yi ƙarfi. Dakakken ɓawon ƙwai da aka wanke ya fi, tun da a hankali yake narkewa.

Su kuwa tsirran da ke nutse, ƙarancin kabon-dayoksaid ne damuwarsu. Ruwan da ke ajiye a sarari bai riƙe ko miligiram 1 a lita ba, kuma iskar tana ratsa ruwa a hankali, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda take ratsa sarari. Kainuwa da bado ba ruwansu, ganyensu na sama. Masu ƙawata akwatunan kifi a Japan da Turai kan ƙara iskar har zuwa miligiram 20 ko 30 a lita, wasu da tukunyar gas, wasu da kwalbar sukari da yis. Wannan ta biyu tana da haɗari, domin yis bai san dare ya yi ba. Idan iskar ta yi yawa, jinin kifi kan kasa ɗaukar oksijin ko da akwai shi a ruwan. Dole a cire bututun da magariba.

Malami zai iya nuna duk wannan da kwalabe uku masu haske. A zuba ruwa da ɗigon sinadarin buromotaimol, wanda ke yin shuɗi. A sa ɗalibi ya hura numfashi ta tsinken shan lemo har ruwan ya koma rawaya. A saka tsiron ruwa mai nutsewa a kwalabe biyu, a toshe duka ukun, a lulluɓe ɗaya mai tsiro da baƙin ƙyalle, a ajiye su a rana. Kafin a tashi daga makaranta, wadda ke da tsiro da haske za ta fara komawa shuɗi, sauran biyun na nan rawaya. Inda babu sinadarin, ruwan zoɓo zai nuna bambancin lemon tsami da kanwa ta sauya launi, ko da yake ba ya kama ƙaramin sauyi irin na numfashi.