YADDA AKE TANƘWARA KATAKO DA TURURI DON YIN KANTAR BANGO

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma kafintoci suna da dabarar da ke sa ko icen da ya fara bushewa ya yi laushi, ya bi inda aka juya shi ba tare da ya karye ba. Dabarar kuwa ita ce tururin ruwan zafi, irin wanda mata ke turara dambu da shi.

Abin ba baƙo ba ne gaba ɗaya a karkara. Makiyayi yakan gasa sandarsa a wuta don ya miƙar da ita. Maharbi ma yakan ɗumama bakansa kafin ya gyara masa tsayuwa. Bambancin shi ne wuta tana iya ƙona icce, tana kuma busar da shi. Tururi kuwa yana shigar da zafi har cikin zuciyar katako, kuma ba ya barinsa ya bushe.

Ina amfanin kanta mai lanƙwasa?

Ɗakuna da yawa a ƙauye zagayayyu ne. Idan aka kawo miƙaƙƙen falanki aka jingina shi da bangon irin wannan ɗaki, gefe biyu ne kawai za su taɓa bango. Alal misali, a ɗakin da faɗinsa ya kai ƙafa 12, falanki mai tsawon ƙafa 4 zai bar rata ta kusan inci 4 a tsakiya. Ta wannan rata cokali da ashana da kwalbar magani ke zurarewa ƙasa. Kanta mai lanƙwasa kuwa takan kwanta luf a jikin bango, ba ta cin fili. Uwargida za ta jera kwanoninta da tasoshinta a kai, ta kuma ɗora magani da fitila inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Abin da tururi ke yi wa icce

Jikin icce zare-zare ne, kamar tarin zaren da aka jera a tsaye. A tsakanin zaren akwai wani abu mai kama da ƙaro wanda ya riƙe su. Idan zafi da laima suka ratsa shi, sai wannan ƙaro ya yi laushi, zaren su sami damar motsawa. A wannan lokaci ne ake tanƙwarawa. Da ya huce ya bushe, sai ƙaron ya sake sandarewa, icen ya zauna a sabuwar siffarsa.

Akwai wani abu da ya kamata mai wannan aiki ya gane sosai. Idan aka lanƙwasa katako, gefen ciki yana matsewa ne, gefen waje kuma yana miƙewa. To icce yana jure matsi, amma ba ya jure ja. Katakon da aka turara mai tsawon inci 100 zai iya matsuwa da inci 20 ko fiye bai lalace ba. Amma idan ja ne, da ya ƙaru da inci 1 ko 2 sai ya tsage. Shi ya sa kusan duk karayar da ake samu daga bayan lanƙwasar take farawa.

Wani kafinta Bajamushe mai suna Michael Thonet, wanda aka haifa a shekarar 1796, ya yi suna a duniya saboda maganin da ya yi wa wannan matsala. Yakan shimfiɗa siririn ƙarfe a bayan icen, ya toshe bakinsa biyu, sa'an nan ya lanƙwasa su tare. Ƙarfen yana hana bayan icen miƙewa, sai dukan wahalar ta koma gefen ciki mai jure matsi. A shekarar 1859, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya fito da wata kujera da ake kira Lamba 14. Gutsattsarin icce 6 kacal ke jikinta. Kafin shekarar 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Masu ƙera jiragen ruwa na katako su ma da tururi suke lanƙwasa haƙarƙarin jirgi.

Zaɓen icce

A nan ne yawancin masu koyo ke yin asara. Ba kowane icce ke karɓar tanƙwara ba. Wanda ake so shi ne mai miƙaƙƙen zare daga wannan baki zuwa wancan. Kada ya kasance da ƙulli, ko tsaga, ko ramin ƙwaro. Duk inda ƙulli yake, nan zai karye. Icen da zarensa ya murɗe ko ya karkace ya fita ta gefe shi ma ba ya yi.

Ɗanyen icce, ko wanda ya sha iska kaɗan a inuwa, ya fi daɗin aiki. Falankin da ya daɗe a rana har ya bushe ƙarau yana da gardama. Idan shi kaɗai aka samu, sai a jiƙa shi cikin ruwa na kwana 3 zuwa mako guda tukuna.

Mutanen karkara sun riga sun san itatuwa masu danƙo. Dargaza da ake yin sanda da baka da ita, da geza da ake yin kujeru da gadaje da ita, duk sanannu ne wajen lanƙwasuwa. Katakon kasuwa kuwa, musamman jan katako irin dangin maɗaci, ba ya son lanƙwasa mai tsanani. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanko ɗan sili ɗaya a gwada kafin a kashe kuɗi a kan sauran. Wanda zai sari icce a daji kuma ya fara neman izni wurin malamin daji.

Don kantar ɗaki zagayayye ana bukatar sili biyu, na baya da na gaba. Kowanne faɗinsa inci 2, kaurinsa rabin inci, tsawonsa ƙafa 4 da rabi. An ƙara rabin ƙafa ne domin bakin katako ba ya lanƙwasuwa da kyau, daga baya za a datse shi. Ya kamata a tanadi sili na uku ko na huɗu, don ko gwanaye sukan karya. A fere su su yi sumul, a ɗan kashe kaifin gefensu, gama daga ƙaramar tsaga babba ke tashi.

Ɗaukar siffar bango

Bangon ƙasa da hannu aka gina shi, saboda haka ba a samun biyu iri ɗaya. A sami babban kwali, a riƙa yanka gefensa ana gwadawa a bango daidai inda kantar za ta zauna, har ya kwanta ba rata. Sai a ɗora kwalin a kan faffaɗan katako mai kauri, a zana layin da fensir.

Ba a kan wannan layi za a tanƙwara ba. Icce yakan ɗan koma baya idan aka sake shi. Don haka sai a ƙara wa layin zurfi da kamar inci 1 a tsakiya. A bi sabon layin a kafa gutsattsarin katako masu ƙarfi da ƙusa, tazarar inci 4 tsakaninsu. A bayan kowane gutsure a kafa wani, a bar ratar da silin zai shiga tare da weji na katako. Da wannan weji za a matse. Wanda yake da ƙarfen matse katako irin na kafintoci ya huta da wannan.

Akwatin tururi

A haɗa dogon akwati da falanki 4, tsawonsa ƙafa 5, cikinsa kamar inci 5 kowane gefe. A toshe baki ɗaya da katako. A gicciya 'yan sanduna 3 ko 4 a ciki, don sili ya hau kansu, tururi ya zagaye shi sama da ƙasa. Aikinsu ɗaya da hujojin madambaci. A huda ƙasan akwatin a tsakiya inda tururi zai shiga. A yi wata ƙaramar huda kusa da bakin da aka toshe, a ɗan karkata akwatin wajen, don ruwan da ya taru ya riƙa ɗiga.

Tukunya babba ko garwa ita ce za ta ba da tururi. A huda murfinta, a sa gajeren bututu daga murfin zuwa akwatin, a liƙe gefe da tsumma ko kwaɓaɓɓen gari kamar yadda mata ke liƙe madambaci. A lulluɓe akwatin da tsofaffin buhunan algarara don zafi ya zauna. Ɗaya bakin kuwa da tsumma kawai ake toshe shi.

Kada a kuskura a rufe akwatin ko tukunyar ruf. Tilas tururi ya sami hanyar fita, in ba haka ba abin yana iya fashewa. Kada kuma a ɗora garwar da aka taɓa zuba fetur ko kananzir ko maganin ƙwari a kan wuta. Ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni. A kori yara daga wurin. Mai buɗe akwati ya tsaya a gefe, ya kau da fuskarsa, ya sa safar hannu mai kauri ko ya naɗe hannunsa da busasshen tsumma. Jiƙaƙƙen tsumma yana kai zafi ga fata nan da nan.

Tsawon lokacin turarawa

Ƙa'idar da kafintoci ke bi ita ce awa 1 ga kowane inci 1 na kauri. Sili mai rabin inci ke nan zai sha minti 30. Ba daga lokacin da aka hura wuta ake fara ƙirga ba. Sai tururi ya fara fita da ƙarfi ta bakin akwati, sa'an nan a sa katakon a duba agogo. Wuta ta riƙa ci sosai har ƙarshe. Idan ruwa ya ja baya, da tafasasshen ruwa ake ƙarawa, don ruwan sanyi zai yanke tururin, aiki ya koma baya. Wuce lokaci ma ba shi da kyau, yana raunana icen, gefen ciki ya tattare kamar tsohuwar tabarma.

Tanƙwarawa

Wannan aikin mutum biyu ne, kuma aikin hanzari ne. Daga fitar katako a akwati, abin da ake da shi bai fi minti 1 ba kafin ya fara taurarewa. Saboda haka a kawo allon kusa da murhu, a jera weji da guduma, kowa ya san abin da zai yi. Yana da kyau a gwada tafiyar da hannu wofi sau ɗaya kafin a buɗe.

A zaro sili, a sa baki ɗaya a ratar farko, a buga weji. Mutum ɗaya ya riƙa jan ɗaya bakin a hankali ba tare da tsayawa ba. Na biyu yana binsa yana buga weji a kowace rata. Ba a fizga. Ba a kuma ja a saki a sake ja. Idan aka ji ƙara ƙas, zare ya tsinke ke nan. Sai a jefar a ɗauko wani, domin mayar da shi cikin tururi ba zai ɗinke shi ba.

Lanƙwasar ɗaki zagayayye mai sauƙi ce, galibi ba ta bukatar ƙarfe. Amma wanda ke son kanta mai siffar rabin wata don miƙaƙƙen bango, lanƙwasarsa ta fi tsanani. Shi sai ya rage kaurin silin zuwa kwatan inci, ya kuma yi dabarar Thonet. Langa-langa irin wanda ake ɗaure dilar kaya da shi ya isa. A kafa ɗan katako a kowane bakinsa, yadda silin zai shiga tsakani ya matsu cif. A sa takarda tsakanin ƙarfen da icen, gama ƙarfe yana baƙanta wasu itatuwa idan da laima.

A bar silin farko a kan allo har kwana guda. Sa'an nan a ɗaure bakinsa biyu da igiya kamar baka, a cire shi, a yi na biyu. Su bushe a ɗaure a inuwa na mako guda ko fiye. Da damina a ƙara kwanaki. Da hunturu kuwa a rufa masu buhu, don iskar tana busar da su da gaggawa har su tsattsage.

Haɗa kanta

A datse silin baya ya zama ƙafa 4. Idan faɗin kantar inci 8 ne a ɗaki mai ƙafa 12, silin gaba zai zama kamar ƙafa 3 da inci 7, tun da shi ne a ciki. A yanko gajerun katako masu inci 8, a jera su tsakanin sili biyu su zama daɓen kantar. Za a ga sun ɗan buɗe ta baya sun haɗu ta gaba, kamar haƙoran mataji da aka lanƙwasa. Wanda ba ya son rata sai ya ɗan fere gefensu. A bar silin gaba ya ɗara daɓen da inci 1, ya zama tokari ga kwanoni. Kafin a buga ƙusa a fara huda wurin, musamman kusa da baki, don kada ya tsage. A sa gam, a goge da samfefa, a shafa fenti ko banish.

Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa idan da nauyi. Abin da ake yi shi ne a haƙa ramuka 3 a jere, a dasa turaku na icce mai ƙarfi, su shiga bango kamar inci 6, su fito inci 8. A shafa wa ɓangaren da zai shiga bango maganin gara, a cike gefen da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bari ta bushe. Sai a ɗora kantar a kan turakun a ɗaure ta da ƙusa ta ƙasa. Kafin a jera kaya masu fashewa, a fara ɗora tubali 2 ko 3 a kai su kwana, da safe a duba ko turakun sun motsa.