Tsakar Rana Ba Lokacin Aike Ba Ne

Daga wata malamar makaranta, Narayi, Kaduna

Yau ina so mu yi magana a kan zafin bazara da wutar daji, da yadda za mu tsare kanmu da yaranmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, wata yarinya ce 'yar ajina. Ran nan an tashi makaranta, wajen ƙarfe biyu, ina kan hanyar gida sai na tarar da mutane sun taru a bakin titi. Ko da na leƙa, sai ga ta kwance, farantin tallarta a gefe, ruwan leda ya warwatse. Wasu na cewa aljanu ne suka buge ta. Na taɓa jikinta, na ji zafi rau kamar wuta. Muka kai ta inuwa, muka yi ta kwara mata ruwan tallar nan muna fifita, sa'an nan muka garzaya da ita asibiti. Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba. Da ta farfaɗo na tambaye ta ko ta sha ruwa, sai ta ce a'a, wai tana gudun kada kuɗin Mama ya ƙi cika. Jama'a, yarinya da ruwa a ka, amma ƙishirwa na neman halaka ta!

Kada mu ce ai mun saba da rana. A nan Kaduna, cikin Maris da Afrilu zafi yakan doshi digiri 40. A ƙasar Mali kuwa, ran 3 ga Afrilu 2024 ya kai digiri 48.5 a garin Kayes, kuma cikin kwana huɗun farkon watan wani babban asibiti a Bamako ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu, tsofaffi da yawa a cikinsu. Su ma fa sun saba da rana.

Jiki da gumi yake sanyaya kansa. In ruwan jiki ya ragu, sai ciwon kai da jiri da kasala su biyo baya, fitsari ya yi kaɗan, ya yi ja. To, mai wannan a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa yana kurɓa. Ana iya haɗa masa ruwan gishiri da sukari, watau ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Amma in ya fara sambatu, ko ya suma, kada a ɗura masa kome a baki. A jiƙa shi sharkaf, a yi ta fifita, a nufi asibiti nan da nan.

Mai goyo kuma ta daina lulluɓe kan jariri da zane mai kauri in za ta kasuwa. In bai kai wata shida ba, nono za a yawaita ba shi, ba ruwa ba.

Sa'ar da rana ke tsananta ɗin nan, ita ce kuma sa'ar da wutar daji ta fi gudu, domin ciyawa ta bushe ƙamas tun hunturu, ga iska. Manomi ya sa wa gonarsa wuta, yaro ya cinna wa rami don gafiya, kafin ka ce kwabo ta fi ƙarfinsu. Saboda haka masu zuwa gona ko itace bayan gari, ta wajen hanyar Kachia, ku yi sammako ku dawo da hantsi. In wuta ta rutsa da ke, yar da damin itacen, rai ya fi shi. Kada ki yi tsere da ita ta inda iska ta nufa, kada kuma ki hau tudu, don wuta ta fi sauri wajen hawa. Ratse gefe ki nemi titi, ko fako, ko inda ta riga ta cinye, ki rufe hanci da mayafi. Tufafin auduga sun fi na roba, waɗanda ke narkewa su manne wa fata. In zane ya kama, kada a yi gudu, a kwanta a yi birgima. Ƙuna kuwa, ruwa mai sanyi za a yi ta zuba mata har minti 20, ba manja ko ɗanyen ƙwai ba. Masu gida a bakin daji su share ciyawar da ke kewaye, su kuma riƙe lambar neman agaji, 112.

Na sani talla ba don marmari ake ɗora wa yaro ba, babu ce ke sawa. Duk da haka, daga sha biyu zuwa huɗu a bar yara a inuwa, aiken ya jira sanyin yamma. In kuwa fitar ta zama dole, ki ba ɗiyarki nata ruwan dabam, ki ce mata da bakinki, "Wannan naki ne, ki shanye." Uwar yarinyar nan haka take yi yanzu, kuma ba ta ce mini ta yi asara ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kai mu damina lafiya, amin.