Ƙura, Taɓo Da Giyar Keke: Wane Keke Ne Ya Dace Da Manomin Kudancin Katsina?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, keke ya fara dawo da martabar da babur ya ƙwace masa shekaru da dama. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori a ranar kasuwa zai ga shaida da idonsa: manomi da buhun masara a kariya, malamin firamare da jakarsa, ɗalibi da ƙaninsa a goye, mai rake daga ɓangaren Danja ya ɗaure kayansa yana turawa. Kekunan da aka jingine a zaure har suka yi tsatsa an kakkaɓe su, waɗanda ba su da shi kuma sun nufi kasuwa.

Abin da ya ja hankalina shi ne irin keken da jama'a suke saye. Mafi yawan abin da ke jere a rumfunan dillalai a yau kekunan gwanjo ne masu giya, waɗanda aka ƙera a Turai da Asiya domin wasan hawan dutse ko yawon shan iska. Suna da kyan gani, ba su da nauyi, kuma mai sayarwa zai ƙirga maka giya 18 ko 21. Sai dai bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya, da yawansu sukan ƙare a gaban mai gyara, ya cire kayan giyar gaba ɗaya, ya rage tsawon sarƙa, ya ɗora ta a kan haƙori guda. Mai keke ya biya kuɗin giya 21, ya koma gida da giya ɗaya. Ra'ayina shi ne laifin ba na giya ba ne, laifin na wurin da aka ajiye ta ne, wato a fili, inda ƙura da taɓo ke iya kai mata.

Bari mu duba yadda wannan giya take aiki. A ƙafar baya akwai fayafayan haƙora shida ko bakwai, manya da ƙanana, a jere. Ƙarƙashinsu akwai wani ɗan ƙarfe mai gaɓoɓi da ke reto kusa da ƙasa, aikinsa shi ne ya tura sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan idan an ja waya. Domin sarƙar ta iya wannan tsalle-tsalle, dole a yi ta siririya, dole ta riƙa tafiya a karkace, kuma ba a iya yi mata murfi. A kan kwalta mai tsabta babu abin da ya fi wannan tsari sauƙi da arha. To amma hanyoyinmu na burji ne da na ƙafa. Da hunturu, ƙurar jar ƙasa takan haɗu da man da aka ɗiga wa sarƙa ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa, tana cin sarƙa da haƙora a kowane juyi. Da damina kuwa laka ce ke cika gaɓoɓin, ciyawa da karan dawa su naɗe a ciki. Faɗuwa ɗaya ta ɓangaren dama, ko karo da kututture a bakin gona, ta isa ta lanƙwasa ɗan ƙarfen nan. Idan ya lanƙwashe ciki ya shiga tsakanin wayoyin ƙafa, asarar takan haɗa da ƙafar baki ɗaya.

Akwai kuma matsalar kaya, wadda masu saye ba su cika lura da ita ba. Saboda fayafayan nan sun cinye wuri a dama, wayoyin ƙafar baya na wannan ɓangaren sukan tsaya kusan a miƙe kuma a ɗaure tamau, na hagu kuwa a kwance da sassauci. Ƙafar da ƙarfinta bai daidaita ba ba ta jure nauyi. Haka kuma, a yawancin kekunan masu arha, boris na dama yana can ciki nesa da inda firam ya riƙe ƙarfen tsakiyar ƙafa, shi ya sa ƙarfen yake lanƙwashewa ko ya karye idan an ɗora buhu. Keken da aka yi domin ya ɗauki mutum ɗaya da gorar ruwa, mu kuma muka ɗora masa buhun waken soya daga gona zuwa kasuwar Dandume, ba zai yi ƙarko ba.

Abin sha'awa, su kansu masu wasan hawan dutse a ƙasashen da suka ƙera kekunan sun daɗe suna kuka da wannan rauni, domin su ma cikin laka da duwatsu suke gudu. Maganin da injiniyoyinsu suka nemo shi ne wanda kowane bakanike ya sani a mota da babur: a sa giya cikin akwati, a zuba mata mai, a rufe. A 1998 kamfanin Rohloff na Jamus ya fito da giya 14 da aka tattara a cikin cibiyar ƙafar baya, ba ta buƙatar komai sai canjin mai bayan kilomita 5,000 ko sau ɗaya a shekara. Kamfanin Honda na Japan ya shiga gasar gangaren dutse da wani keke mai suna RN-01, wanda giyarsa ke rufe a tsakiyar firam, kuma da shi Greg Minnaar ɗan Afirka ta Kudu ya zo na ɗaya a jimillar gasar kofin duniya ta 2005. Kamfanin ya yi ta ɓoye abin da ke cikin akwatin, daga baya aka gane cewa a samfurin ƙarshe giyar da aka saba ce, mai sarƙa da fayafai, aka yi wa ɗaki. Ashe babban sirrin rufin ne.

Waɗanda suka kai wannan tunani matuƙa su ne wasu injiniyoyi biyu da suka yi aiki da kamfanin motoci na Porsche, suka kafa kamfanin Pinion a 2008 a kusa da birnin Stuttgart. Sun ƙera giyabos na gaske irin na mota, ƙarami, wanda ake ɗaurawa daidai inda feda take. Babban samfurinsa yana da giya 18, kuma tazarar da ke tsakanin mafi sauƙi da mafi nauyi ta haura ninki shida. Ana canja masa mai bayan kilomita 10,000 ko sau ɗaya a shekara. Tunda giyar ta koma tsakiya, haƙori ɗaya ne a gaba, ɗaya a baya, sarƙa tana tafiya a miƙe, wasu ma sukan maye gurbinta da bel wanda ba ya son mai. Ƙafar baya ta yi sauƙi, wayoyinta sun daidaita dama da hagu, babu abin da ke reto da dutse zai buga. Mutum yana iya sauya giya ko a tsaye yake, sai dai idan yana tafe dole ya ɗan sassauta taka feda kafin ta shiga. Kamfanoni irin su Zerode na ƙasar New Zealand sun gina sunansu a kan kekunan hawan dutse masu wannan tsari.

Ba ina cewa manomin Kafur ko Bakori ya nemi irin wannan ba. Keken da ke ɗauke da giyabos ɗin Pinion ya fi sabon babur tsada nesa ba kusa ba. Ba kuma a iya sayen akwatin a liƙa wa tsohon keke, domin dole ne tun wajen ƙira a yi firam ɗin da mazaunin da akwatin zai zauna. Idan wani abu ya lalace a ciki, masana'anta ake mayar da shi. Wannan kayan masu hali ne. Abin da nake so mu ɗauka shi ne darasin: mutanen da suka fi kowa kuɗi da ilimin ƙira, bayan sun sha wuya da laka, sun yarda cewa giyar da za ta yi aiki a ƙasa mai datti sai an rufe ta.

Wannan darasi kuwa ba baƙonmu ba ne. Keken da iyayenmu da kakanninmu suka hau, Raleigh, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin da ya biyo baya, an gina su ne a kan wannan hikima. Sarƙarsu mai kauri ce, tana tafiya a miƙe, da yawansu kuma suna da murfin ƙarfe da ya lulluɓe ta, ƙura ba ta shiga, babbar riga ba ta kamawa. Shi ya sa ake gadon su. Wasu daga cikin kekunan Raleigh ma suna da giya uku a ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, ta kamfanin Sturmey-Archer na birnin Nottingham a Ingila, wanda ya fara yin ta tun 1902. Shahararren samfurinsa, AW, ya fito a 1936 kuma an yi ta ƙera shi shekaru da dama. Kamfanin SunRace na Taiwan ya sayi sunan a 2000 yana ci gaba da aikin, Shimano na Japan ma yana yin irinta mai giya uku, bakwai da takwas.

Tsarinta ba shi da wuyar fahimta. Akwai haƙori ɗaya a tsakiya, wasu ƙanana suna zagaya shi, sannan wani zobe mai haƙora a ciki ya kewaye su duka. Gwargwadon wanda aka ba ƙarfi da wanda aka karɓa daga gare shi, sai a samu giya uku: ta tsakiya, wadda ƙafa ke juyawa daidai da haƙorin baya, ta hawa, wadda ta rage gudun da kashi ɗaya cikin huɗu, da ta gudu, wadda ta ƙara shi da kashi ɗaya cikin uku. Ƙasarmu ba ta tsaunuka ba ce. Tudu da kwari ne, da gangaren rafi, da yashi a mashigi, da iskar hunturu mai tokare ƙirji. Abin da mai kaya yake buƙata shi ne giya ɗaya mai sauƙi da zai fita daga kwari ba tare da ya sauka ya tura ba, da wata da zai koma gida da sauri idan ya sauke. Giya uku da ke aiki sun fi 21 da aka cire.

Na san abin da masu gyara za su ce, kuma maganarsu abin dubawa ce. Giyar waje, komai lalacewarta, ana ganin ciwonta da ido, a gyara ta da sifana da guduma a gindin bishiya. Ta ciki kuwa idan ta ƙi, sai wanda ya koyi buɗe ta, kuma sai da kayan canji, ƙananan ƙarafa da sifirin da ba a samu a kasuwanninmu. Tana da ɗan nauyi, ta fi tsada a ranar saye, kuma tana da iyakar ƙarfin da za ta ɗauka. Wannan ne ya sa ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005 kuma take rarraba keken Buffalo a ƙasashe irin su Zambiya, Kenya da Malawi, ta daɗe tana yin sa da giya ɗaya tak, da kariyar da ke ɗaukar kilo 100, tana kuma horar da masu gyara da buɗe shagunan kayan canji a duk inda ta kai shi. Sun fahimci cewa keke ba ƙarfe kaɗai ba ne, har da mai gyaransa da kayan gyaransa. Idan aka kawo mana giyar ciki ba tare da waɗannan biyun ba, an sauya mana ciwo ne kawai.

Me ya sa batun ya cancanci shafin jarida? Saboda yankin nan rumbun abinci ne, kuma tafiyar farko ta kowane buhu, daga gona zuwa bakin titi, ita ce mafi wahala. Tun a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, an gane cewa hanyar karkara da abin sufuri suna daidai da taki a muhimmanci. Mun kuma ga a 2021 yadda matsalar tsaro ta sa gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka, mutanen karkara suka koma ga ƙafa da keke. Abin hawan da ba ya shan mai ba na marmari ba ne a nan. Kuɗin da talaka ya tara bayan kaka ya sayi keken da zai mutu kafin wata kakar, kuɗin taki ne da na makarantar yara suka tafi.

Saboda haka ina kira ga 'yan kasuwarmu masu shigo da kekuna daga Sin da Indiya su nemi a haɗa musu keke mai firam ɗin ƙarfe da ake iya yi wa walda, da kariya mai ƙarfi, da murfin sarƙa, da giya uku ta ciki, su kuma shigo da kayan canjinta tare. A cikin kwantenonin gwanjo ma akwai kekunan cikin gari na Japan da Holan masu wannan giya, a daina raina su don ba su da ado. Cibiyar koyar da sana'o'in matasa ta Katsina da kwalejojin fasaha na jihar za su iya sa gyaran giyar ciki a darussansu, aikin 'yan kwanaki ne ga wanda ya riga ya iya ɗaure ƙafa. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Hassan Usman Katsina kuwa, maimakon aikin kammala karatu da zai ƙare a kan kanta, ga tambaya a ƙofar gida: wane firam ne zai ɗauki buhu a hanyar burji shekara goma?

Kai kuma mai shirin saye, kada yawan giya ya ruɗe ka. Durƙusa ka dubi ƙafar baya. Idan kayan aiki kake nema, zaɓi mai sarƙa a miƙe, mai murfi, mai wayoyi masu kauri, ko da giyarsa ɗaya ce. Idan ka riga ka mallaki mai giyar waje, goge sarƙar da tsumma kafin ka ɗiga mai, ka kuma share abin da ya yi saura, domin man da ya yi yawa shi ke kiran ƙura. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na ƙara da cewa ado ma ba ya kai buhu kasuwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu.